Dalma a Kan Injin Hamisu

Litinin, 4 ga Nuwamba 1963, bayan la'asar

Yau injin Hamisu ya tashi. Ina rumfata ina liƙin tayar keken wani mutum sai na ji tuf-tuf-tuf daga tsallaken hanya, sai kuma ihu. Duk unguwarmu ta Gamboru ta kwashe ta yi can, har mai keken ya bar ni da taya a hannu.

Ban je ba sai da aka aiko. Ba don komai ba, aiki ne a gabana.

Ga abin da na gani. Tsohon injin fanfon ruwa ne da aka yar a bayan tasha, da rabin duro, da bel na fatar sa da dukawa suka ɗinka masa, sai wasu gare-gare biyu da ya yanko daga tayar lori. Ka zuba shinkafa ta sama, buntu ya fita ta gefe, ƙwaya ta zubo ta ƙasa tas da ita. Abin da mata ke wuni suna fama da shi a turmi, kafin ka gama cin goro ya gama. Ya yi kyau. Na rubuta ya yi kyau, kada gobe a ce Garzali bai faɗa ba.

Amma fa a riƙa faɗin gaskiya. Hamisu a hannuna ya koyi riƙe sifana. Tare muka zo daga Kano, yana ɗauke da akwatin kayan aikina a ka, ko bambancin noti da ƙusa bai sani ba. Shekara da shekaru ina cewa in za a yi injin casa a yi da roba, ƙarfe karya ƙwaya yake yi. A rumfar nan na faɗa, yana tsugune yana wanke noti a kananzir. Ni na fara faɗa. Yau ko mutum ɗaya bai tuna ba.

Shi dai da ya gan ni ya taso ya durƙusa a gaban mutane ya ce, "Maigida, sa mana albarka." Na sa. To me zan yi?

Talata, 5 ga wata, hantsi

Jakai sun tare mini gaban rumfa. Wai duk shinkafar ƙauyen Zabarmari suka ɗauko, layi suke bi. Mai keke ba shi da wurin jingine kekensa, kuma ba wanda ya ce mini ko sannu.

Alhamis, 7 ga wata, bayan magariba

A teburin mai shayi ba a yi wata hira ba sai ta inji. Wani ya ce a yi ta addu'a kada mutanen ofis su ji labari, don in sun ji za su zo da maganar lasisi. Nan fa aka juyo gare ni, don kowa ya san ni a kan wannan magana. Tun shekarar da suka tashe ni daga bakin kasuwa wai rumfata ta shigo hanya da taku ɗaya, ba ni da abin da na tsana kamar mutum mai gajeren wando da takarda a hammata.

Na ce musu abin da na saba faɗa. Wanda bai taɓa riƙe sifana ba, da wane ido zai duba inji ya ce ya yi ko bai yi ba? In injin Hamisu ya ɓata wa Ya Bintu shinkafa, gobe ba za ta dawo ba, kuma kafin azahar duk matan Gamboru sun ji. Wannan shi ne mai dubawa, ba ya karɓar albashi, ba a kuma ba shi goro ya kau da kai. Hukuma ta kama ɓarawo, ta gyara gada, ta bar masu hannu su yi aikinsu. Aka ce, "Sai Garzali!" Aka ƙara mini shayi.

Ban gama jin daɗin ba sai ga ita Ya Bintu da kanta, wadda ta fi kowa sarin shinkafa a unguwar nan. Ta wuce ni, ni da na gyara mata keken ɗinki sau ba iyaka, ta tsaya gaban Hamisu tana ta yi masa sannu da Barbarci, "Wushe, wushe, ɗana!" Wai Allah ya yi wa uwar da ta haife shi albarka. Uwar da ta haife shi ce ta koya masa ɗaure noti?

Da za mu tashi ya raka ni har ƙofar gida. Ya ce Sa'adiya matarsa ta kusa sauka. Ya ce, "Maigida, in namiji ne sunanka za a sa. Na riga na faɗa wa liman." Na ce Allah ya raba lafiya. Ni da matata Saude Allah bai ba mu haihuwa ba, ya kamata in ji daɗi, kuma na ji. Sai dai na shiga gida na kasa cin tuwo.

Asabar, 9 ga wata, azahar

Saude ta ɗauki 'yar shinkafarmu ta aika can. A gidana! Na ce turmin ya fashe ne? Ta ce, "Malam, kafaɗata ce ta fashe." Ta ƙara da cewa ai abin alfahari ne, yaronka ne. Kowa yaronka, yaronka. In yarona ne me ya sa ba a cewa injin yaron Garzali?

Ni ba baƙin ciki nake yi ba.

Litinin, 11 ga wata, da safe

Tuf-tuf-tuf tun daga sallar asuba. Ko lazimi ban iya ƙarasawa ba.

Na lura bel ɗin nan a buɗe yake, ba murfi. Mata suna sunkuyawa da mayafi dab da shi. Ba ruwana, lura kawai na yi. Da ni na yi injin da na rufe shi.

Laraba, 13 ga wata, bayan la'asar

Na shiga gari sayen bawul ɗin tayar keke. Hanyar ta bi ta gaban ofishin masu ba da lasisin injuna, kuma mutum ba zai wuce wuri bai gaisa ba. Akwai wani akawu, Malam Dzarma, mutumin kudancin Borno ne, na taɓa gyara masa keke. Ya ba ni kujera. Mun taɓa hira.

Hira ce kawai. Ya tambayi yadda injin Hamisu yake juyawa, na kwatanta masa a kan tebur. Duk wanda aka tambaya zai kwatanta.

Ban samo bawul ɗin ba.

Alhamis, 14 ga wata, hantsi

Sifanata mai lamba goma ta ɓata, wadda na naɗe wa ƙota da jar roba, wadda ba ta barin aljihuna. Na zazzage akwati, na tone ƙasar rumfa, babu. Na tsallaka na tambayi Hamisu ko shi ya ara bai faɗa ba. Na faɗa da ɗan ƙarfi, a gaban masu layi. Ya kashe injin, ya juye kayansa duka a kan buhu ina kallo, ya ce, "Wallahi maigida ban gan ta ba, amma ɗauki tawa." Ban ɗauka ba. Tasa sabuwa ce fil.

Litinin, 18 ga wata, azahar

Sun zo. Malam Dzarma da wasu mutum biyu, a kan kekuna. Ina rumfa, ban fita ba, ta ƙarƙashin zana na gani. Sun zagaya injin, suna neman farantin kamfani, ɗan ƙarfen nan da ake liƙa wa injin da ya zo daga Turai da suna da lamba. Hamisu ya ce babu, shi ya haɗa. Suka ce to babu lasisi ke nan. Suka zura waya ta cikin ƙafar da ke juya bel, suka murɗe, suka matse dalma a kai. Wanda ya tsinke dalmar nan sai gaban alƙali.

Shinkafar wata mata tana ciki rabi da rabi. Da hannu Hamisu ya kwashe mata.

Ni na zaci murfi kawai za su ce ya yi. Wallahi abin da na zata ke nan.

Talata, 19 ga wata, da safe

Shiru. Na yi lazimina har ƙarshe.

Alhamis, 21 ga wata, bayan magariba

Turame sun dawo, duk unguwa sai luguden taɓare. Jakan Zabarmari sun daina tsayawa. Gaban rumfata fayau, ka jingine keke goma in kana so. Guda ɗaya aka kawo yau.

A teburin shayi ana ta tambayar wa ya kai magana. Ya Bintu ta ce mutanen ofishin nan ba sa tashi daga kujera sai an je an tashe su, kuma duk wanda ya yi, ita ta bar shi da Allah. Ta faɗa da Barbarci ta sake faɗa da Hausa don kowa ya samu rabonsa. Aka ce, "Garzali, yau ba ka ce komai ba, ga ranarka ta zo." Na ce haƙori ke damuna.

Abin da ya ba ni haushi, tun da aka rufe injin sai son Hamisu ya ƙaru. Da ana yaba shi, yanzu ana yaba shi ana tausaya masa. Mai shayi ya ƙi karɓar komai a hannunsa. Ni da aka tashe ni daga bakin kasuwa wa ya ba ni ko ruwan zafi?

Bayan an watse ya biyo ni. Ya rame a kwanakin nan. Ya ce duk abin da ya mallaka yana cikin injin nan, har keken da yake hawa ya sayar ya sayi bel da man farko, ga haihuwa a bakin ƙofa. Ya ce, "Maigida, ni hannu gare ni, ba ni da baki. Kai ne kake da baki. Ranar Litinin za mu koma ofis da Ya Bintu, ka zo ka faɗa musu abin da kake faɗa mana a wurin shayi."

Na ce ina da aiki ranar Litinin. Ya tsaya bai tafi ba. Na ce to, Allah ya kai mu.

Asabar, 23 ga wata, la'asar

Kishi nake yi. To na rubuta. Wa zai gani?

Lahadi, 24 ga wata, hantsi

Na yi tunanin in kwanta in ce zazzaɓi. Saude ta riga ta wanke mini babbar riga ta kai wa mai bugu. Wai gobe mijinta zai tsaya wa ɗansa gaban hukuma, sai ta gaya wa matan gida ɗaya bayan ɗaya.

Litinin, 25 ga wata, bayan azahar

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi.

Mun je mu uku. Malam Dzarma ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka kawo benci. Da ya dube ni na kau da kai na yi kamar ina duban agogon bango.

Ya Bintu ta fara, ta yi faɗa, ba a fahimci rabin abin da ta ce ba. Hamisu ya ce zai yi wa bel murfi da kwano yau ɗin nan in an yarda. Malam Dzarma ya ce murfi dole ne, amma ba shi ne matsalar ba. Doka ta ce ba a ba inji lasisi sai da sunan kamfanin da ya ƙera shi da lambarsa, shi kuwa wannan ba shi da kamfani.

Sai Hamisu ya taɓa mini gwiwa.

Ban san daga ina maganar ta zo ba. Na miƙe. Na ce, "Malam Dzarma, kamfanin ga shi zaune a gabanka, da hancinsa da idonsa, sunansa Hamisu. In lamba kake so a rubuta masa ɗaya, don shi ne na farko. Dokar nan da aka rubuta ta, an rubuta ta ne da tunanin ba za a taɓa samun ɗan ƙasar nan da zai ƙera inji ba. To ga shi an samu, sai a hukunta shi don ya ƙaryata takarda? Bature da ya yi injinsa na farko, wa ya liƙa masa faranti? In kowane sabon abu sai ya nuna izini kafin ya fito, to ba sabon abin da zai fito, don izinin kansa na tsofaffin abubuwa ne. Ku bar shi ya yi aiki. In ya cuci wani, alƙali yana nan, a kama shi a hukunta. Amma ba a ɗaure mutum yau saboda laifin da wataƙila zai yi baɗi."

Wallahi ban taɓa magana mai kyau irin ta yau ba. Masinja ya tsaya a bakin ƙofa da baki buɗe. Ya Bintu tana ta gyaɗa kai. Kuma duk abin da na faɗa na yarda da shi har zuciyata, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Malam Dzarma ya bari na gama. Ya ce hannun da bel ya cinye alƙali ba ya mayar da shi, wannan kam sai an hana tun kafin a yi. Amma maganar faranti, shi ma ya san dokar ba ta yi daidai ba, sai dai ba shi ya rubuta ta ba, kuma ba shi da ikon goge ta. Ya ce dokar ta cikin gari ce. In Hamisu zai fitar da injin bayan iyakar gari, shi da kansa zai zo ya cire dalmar.

Ya ƙara da cewa, "Mu fa ba yawo muke yi muna neman injuna ba. Da ba a kawo mana magana ba, da har yau yana aiki. Amma in an kawo, dole mu je."

Muka miƙe za mu fita. Har na kai ƙofa. Sai ya ce, "Af, Malam Garzali, tsaya." Ya ja aljihun tebur ya ɗauko ta, da jar robarta. Ya ce, "Ka manta wannan ranar Larabar nan, da kake nuna mini yadda bel ɗin yake juyawa. Ina ta so in aiko maka."

Ban sani ba ko da gangan ya yi, ko kuwa mutumin kirki ne kawai mai mayar da kayan mutane. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Hamisu ne ya fi kusa da teburin. Shi ya karɓa. Ya juya ta a hannunsa, ya dubi jar robar, sa'an nan ya miƙo mini da hannu biyu, kamar yadda na koya masa miƙa kayan aiki tun yana yaro. Ya Bintu ta ce, "La'ilaha illallahu," ta ja mayafi ta yi gaba.

Hanya ɗaya muka biyo har Gamboru, yana gaba ina baya.

Talata, 26 ga wata, bayan magariba

Ban je shayi ba. An ce Ya Bintu ba ta faɗa wa kowa ba, wai Hamisu ne ya roƙe ta. Wa ya sa shi? Da ya tsaya a tsakiyar hanya ya zage ni da na samu abin cewa.

Juma'a, 29 ga wata, bayan sallah

Sa'adiya ta sauka da safe. Namiji. Saude ce ta gaya mini, tana murna tana neman zanen da za ta kai. Ta ce, "Malam, ka yi takwara." Na ce ta daina saurin baki, ba a raɗa suna ba tukuna.

Na san ba za a sa ba. Ni ma da ni ne ba zan sa ba.

Talata, 3 ga Disamba, azahar

An cire dalma. An kwance injin gunduwa-gunduwa an ɗora a kan amalanken shanu. Ƙauyen Khaddamari za shi, bayan iyakar gari, dangin Ya Bintu sun ba shi fili kusa da masu noman shinkafar. An ce manoma har murna suke, an rage musu tafiya. Wato can ma zai fi nan samu. Duk inda aka jefa yaron nan sai ya faɗa a kan katifa.

Na ga ya yi wa bel ɗin murfi da kwano, ya lanƙwasa bakinsa ciki don kada ya yanki mutum. Haka nake yi. A wurina ya gani.

Wani noti ya ƙi kwancuwa, na hango suna ta fama da shi, kuma na san lamba goma ce, tasa sabuwar nan sai zamewa take yi. Tawa tana aljihuna. Na sa hannu na taɓa ta, ban tsallaka ba. Da guduma da kurfi suka fasa shi.

Juma'a, 6 ga wata, hantsi

Yau suna. Ban yi niyyar zuwa ba, amma da asuba aka aiko da goro har gida, kuma Saude ta tsaya a kaina. Na je na zauna can ƙarshen tabarma, kusa da takalma.

Liman ya yi addu'a, aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an sa wa yaro suna Garzali. Mutane suka juyo suna miƙo mini hannu, barka, barka, ka ga ɗan halak, bai manta maigidansa ba. Na riƙa karɓa ina cewa madalla. Ya Bintu tana daga zaure tana kallona.

A inji ya fi ni, na haƙura. Yanzu a wannan ma ya fi ni, kuma wannan ba ni da bakin cewa ni na fara faɗa.

Da aka fara watsewa aka fito da jaririn wurin wanzami. Hamisu ya karɓe shi. Ba zai iya kiran sunan ba, tunda sunan wanda ya rene shi ne, kowa ya san sai an sa wa yaro na kunya. Wani ya ce to me za a riƙa ce masa? Hamisu ya dubi ɗan, ya ce, "Maigida."

Sa'an nan ya zo inda nake. Bai durƙusa ba, ya dai miƙo hannu kamar yadda ake yi wa kowa. Ya ce gobe da sassafe za su tashi. Ya ce, "Alkawari ne na cika. Mun gode da zuwa, Malam Garzali."

Tun yana ɗauke da akwatina a ka bai taɓa kiran sunana ba sai yau.

An aiko mana da cinyar ragon guda. Saude ta dafa, tana ta cewa in ci tun da zafi.